Wa Zai Koya Wa Mushe? Masu Otizim da Azuzuwan Dumega

A watan Oktoba ake komawa lakwal a Nijar. A Dumega, kamar sauran garuruwan Arewa daga Tibiri har Matankari, ajin farko da ake kira CI yakan cika maƙil, ko na bulo da rufin kwano, ko rumfar zana da iyaye suka kafa bayan girbi. Mushe, wato malamin aji, ya buga sanda a tebur, yara su duƙa su yi rubutu a ƙananan allunansu. Ya sake bugawa, su ɗaga su sama gaba ɗaya. Sannan a maimaita jimlar Faransanci da iya ƙarfin murya. Yawancin yara suna jin daɗin wannan hayaniya. Amma akan sami ɗaya da zai toshe kunnuwa da tafin hannu, ya riƙa rangaji, ko ya sulale ya fice. Kafin mako ya zagayo ya sami suna: marar ji, ko dolo, ko a ce iska ta taɓa shi. Sau da yawa damina ba ta faɗuwa sai an mai da shi gida.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara suna da otizim, lalurar da kafafen yaɗa labarai kan kira galahanga. Da ita ake haihuwar mutum, tana kuma shafar yadda yake mu'amala da jama'a da yadda jikinsa ke karɓar sauti, haske da taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 ke da ita. In aka bi wannan lissafi, makaranta mai ɗalibai 300 ba za ta rasa uku ba. Danganta ta da iskoki kuwa bai tsaya ga mutanen karkara ba: binciken da likita Muideen Bakare da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa har cikin ma'aikatan lafiya na Najeriya akwai masu wannan ra'ayi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sashe na 24, mai wajabta karatu tare da kowa, shi aka fi ambato a taruka. Sashe na 4 aka fi mantawa, wanda ya ce a tuntuɓi masu lalurar da kansu, har da yara, kafin a yanke abin da ya shafe su. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda makafi ke da sarkinsu mai kai kukansu fada, a Yamai kuma suna da makarantarsu da ƙungiyarsu. Mai otizim ne har yau wasu ke magana a madadinsa.

Tarihi ya nuna tsadar yin hakan. Leo Kanner ya bayyana lalurar a 1943 bayan nazarin yara 11 a Amurka, daga nan aka shafe shekaru masana ne kaɗai ke da bakin magana. Bruno Bettelheim, a littafinsa na 1967, ya ɗora laifin a kan iyaye, musamman mata, wai rashin ƙaunarsu ne ya kulle yaran. An yi watsi da wannan zargi daga baya, bayan ya ƙona zukata masu yawa.

Temple Grandin, mai otizim da aka haifa a 1947, tana cikin na farko da suka ba da labari daga ciki, a littafin da ta fitar a 1986. Farfesa ce a fannin kiwon dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado, kuma aikinta zai fi shiga kan makiyayin Dallol Mawri fiye da mutumin birni. Da ta ga shanu suna turjewa a hanyar shiga shinge, masu su suna ta duka, sai ta shiga hanyar da kanta, ta sunkuya daidai tsayin idon saniya. Nan ta ga abin da ke firgita su: inuwa a ƙasa, sarƙa mai lilo, riga da aka rataye a shinge, ƙyallin ruwa. Ana kawar da su, shanu suka wuce salin alin. Ta ce yadda ƙwaƙwalwarta ke kama ƙananan abubuwa ne ya ba ta wannan ido, ta kuma bayyana yadda ƙararrawar makaranta ke yi mata zafi a kunne tana yarinya. Malamin da ya taɓa zama a benci na baya, lokacin da yara saba'in ke ihu ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu, zai fara gane abin da yaron nan ke gudu.

Rangajin ma akwai bayaninsa. A binciken da Steven Kapp ya jagoranta a Ingila a 2019, manya masu otizim sun ce jijjiga jiki da kaɗa hannu suna kwantar musu da hankali idan abubuwa suka yi musu yawa. Abin mamaki, yaron da ake zane wa a lakwal don ya zauna cak, da yamma yana makarantar allo inda kowa ke rangaji yana karatu, ba mai ce masa uffan. Can kuma kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya haddace nasa, ba ruwansa da saurin na kusa da shi.

Al'adar Arewa ta sauƙaƙa wani abu, ta tsananta wani. Masu otizim da dama sun ce kallon ƙwayar ido yana takura musu. A nan kuwa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Wahalar tana wajen doguwar gaisuwa, da habaici, da gatse. Mushe ya ce cikin fushi, "To, ci gaba da wasanka!" yaron ya ci gaba, domin abin da aka ce ya ji, sai a ce raini ne. Damian Milton, masani mai otizim, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake. Catherine Crompton ta gwada wannan a Edinbara a 2020: aka jera mutane takwas-takwas suna miƙa wa juna labari. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar na marasa ita zalla. A layin da aka gauraya ne ya fi zubewa.

Mai suka zai ce Grandin Ba'amurkiya ce mai digiri, yaron Dumega kuwa wataƙila ko magana ba ya yi, balle a yi masa tambaya. Sukar tana da ƙarfi, domin masu rubuta littafi ba su wakiltar wanda sai an ciyar da shi an yi masa wanka. Sai dai rashin magana bai hana amsa ba. A ajiye masa hoton randa, na makewayi da na inuwar bishiya, a ga wanda zai nuna. A lura da lokacin da yake ficewa, da abin da ya faru gab da hakan. Uwarsa da yayyensa sun san abin da ke tayar masa da hankali, ko da yake maganarsu ba ta maye gurbin tasa.

Yawancin gyaran ba ya jiran takardar likita daga Yamai: wurin zama kusa da ƙofa, izinin fita ya huta ya dawo, sanar da shi kafin a sauya darasi, umarni ɗaya a fili cikin Hausa, da ajiye bulala. Kwamitin kula da makaranta na COGES da ƙungiyar iyaye mata suna iya zaunar da wannan magana ba tare da kasafin kuɗi ba. Makarantar horon malamai ta Doso kuma tana iya gayyatar manya masu lalurar su tsaya gaban ɗalibanta, kamar yadda ake gayyatar likita. Likitan ma yana da nasa aikin: farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim, kuma yaron da ke faɗuwa yana buƙatar a kai shi asibiti a ɗora shi kan magani.