Hindu da Buddha, Maguzanci da Musulunci: Matsalar Neman Asali

1.0 Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun saba ɗaukar Maguzanci tamkar madubin da za a duba a ga Bahaushe kafin zuwan Musulunci. Manufar wannan maƙala ita ce nuna raunin wannan ra'ayi, ta hanyar waiwayar abin da ya gudana tsakanin addinin Hindu da na Buddha a ƙasar Indiya.

2.0 Darasi daga Indiya

Gautama Buddha ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ƙi bin littattafan Veda, ya soki yankan da Barahmanawa ke yi wa abubuwan bautarsu, ya kuma musanta samuwar rai madawwami, watau atman. Duk da haka bai yar da aƙidar karma ba, watau sakamakon aiki, haka kuma ta sake haihuwa bayan mutuwa. Mabiyansa sun yi jayayya da malaman Hindu fiye da shekara 1000, har zuwa rushewar makarantar Nalanda wajen 1200.

Wannan doguwar jayayya ta sauya Hindun kanta. Shankara, babban malamin Vedanta na wajen ƙarni na 8, ya yi wa mabiya Buddha raddi, amma abokan hamayyarsa sun zarge shi da bin Buddha a ɓoye. Shi kansa Buddha an shigar da shi jerin siffofin da suke cewa Vishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu, ya bayyana a cikinsu. Ashe ke nan Hindun yau ba ita ce Buddha ya tarar ba.

3.0 Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano ya danganta zuwan Musulunci da Wangarawa, a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Lokacin da Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, sun riga sun yi fiye da shekara 500 suna maƙwabtaka da Musulmi. Ya tarar sun yarda da Allah Mahalicci, suna kuma raba iskoki gida biyu: farfaru Musulmi na gari, babbaƙu arna na daji. A bori har akwai Malam Alhaji. Sunan Maguzawa ma, a ra'ayin masana da dama, daga Majusu na Larabci ya fito.

Tasirin bai tsaya a ɓangare guda ba. Tarihin ya ambaci Dirki, Alƙur'ani da aka lulluɓe da fatu ana yi masa yanka, har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Irin wannan garwaye ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙa.

Tilas a lura da bambanci guda. Buddha a cikin al'adar Indiya ya tsiro, shi kuwa Musulunci da Littafinsa ya zo, da tauhidin da malamai ke komawa gare shi su tsame abin da ya gauraya.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin da ya tafi ƙauyukan Kura ko Bunkure neman bakin dattawa, ya tuna cewa bayan maƙwabtakar ƙarnoni, noman ranin da madatsar Tiga ta kawo tun 1974 ya sake jujjuya zaman karkarar. Kowace al'ada aka ba shi, ya tambayi shekarunta da inda ta samo sunanta kafin ya kira ta gargajiya tsantsa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Bahaushe, shi ke kawo farin kai.