Ulli Beier da Tashen Adabi da Zane a Nijeriya

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Tarihin Ulli Beier ya ƙaryata wannan magana ta wani ɓangare, ya kuma gaskata ta ta wani ɓangaren. An haife shi a Jamus a 1922, iyayensa Yahudawa ne waɗanda suka yi ƙaura zuwa Falasɗinu bayan hawan Hitila mulki. A 1950 ya iso Nijeriya, ya kama aiki a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Da aka mai da shi sashen koyar da manya a wajen jami'a, sai ya zauna a garuruwan Yarabawa, wato Ede da Ilobu da Oshogbo, inda ya cuɗanya da makaɗa da mawaƙa da masassaƙa.

Aikinsa ya kasu kashi uku. Na farko shi ne fassara. Shi da Bakare Gbadamosi suka tattara waƙoƙin Yarabawa na gargajiya, suka juya su zuwa Ingilishi, aka buga a 1959. Haka nan ya fassara wasannin kwaikwayon Duro Ladipo. Na biyu shi ne sharhi. A 1957 ya kafa mujallar Black Orpheus, wadda ta ba marubutan Afirka filin da ba su da shi a da, ta kuma kawo wa masu karatu a Nijeriya waƙoƙin marubutan ƙasashen rainon Faransa.

Kashi na uku shi ne baje kolin zane. A 1961 aka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, da hannunsa da na Wole Soyinka da Ezekiel Mphahlele da wasunsu. A nan aka nuna ayyukan Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda suka yi karatun zane a Zariya, da na Ibrahim El-Salahi mutumin Sudan. A 1962 aka kafa irinsa a Oshogbo. Daga horon da Georgina, wadda ta zama matarsa, ta bayar a can a 1964 ne aka sami masu zane irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami.

Amma fa ba a rasa abin suka ba. Beier ya rubuta wasanni da sunan aro, Obotunde Ijimere, har masu karatu da dama suka ɗauka Bayarabe ne ya rubuta. An kuma zarge shi da fifita masu zanen da ba su shiga makaranta ba a kan waɗanda suka yi ilmin fannin, domin su ne suka dace da abin da Turawa ke son gani. Daga baya ta bayyana cewa ƙungiyar da ke tallafa wa Mbari daga Faris tana samun kuɗi daga hukumar leƙen asirin Amurka.

Ya tafi Papuwa Niyu Gini a 1967, ya dawo Jami'ar Ife daga 1971 zuwa 1974, ya rasu a Ostireliya a 2011. Darasin da ke cikin tarihinsa shi ne, mai fassara da mai zaɓen abin da za a baje suna da iko babba, domin abin da suka ɗauka shi duniya za ta sani, abin da suka bari kuwa sai ya dushe. Saboda haka al'ummar da ba ta horar da 'ya'yanta a kan waɗannan ayyuka ba, to, ta yarda ke nan wani ya yi wa kayanta farashi.