Banc d'Arguin: inda hamadar Sahara ke haɗuwa da teku a Moritaniya

Gandun Banc d'Arguin yana gabar Tekun Atlantika, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu. Gwamnatin Moritaniya ta kafa shi a 1976, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu, rabi ruwa.

A ɓangaren tudu, matafiyin da ya fito daga Sahel zai gane itatuwa da dama: aduwa, kandili, jiga da aguwa. Ruwan sama ba ya da yawa a nan, don haka wasunsu ke tura saiwa can ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma ke ajiye ruwa a jikinsu. A bakin ruwa akwai ƴan itatuwan mangurob masu jure gishiri, waɗanda su ne na ƙarshe ta arewa a gabar Afirka ta Yamma.

Arzikin tekun ya samo asali ne daga ruwan sanyi mai tasowa daga ƙasan teku, ɗauke da abincin ƙananan halittu. Ruwan gandun ba shi da zurfi, ciyawar teku ta lulluɓe ƙasansa, kifaye na hayayyafa a ciki, kunkurun teku na kiwo. Ana kuma ganin dolfin. Lokacin hunturu, tsuntsaye kimanin miliyan 2 kan zo daga arewacin Turai, Saberiya da Girinlan, su tarar da kwasakwasa da filamingo masu sheƙa a tsibirai.

Mutanen gandun su ne masunta Imraguen. Doka ta ba su damar su da jiragen ruwa masu filafilai, ta hana masu inji. Matansu ne ke busar da ƙwan kifin mule, wanda ake sayarwa da tsada. Da waɗannan jirage ake kai baƙi yawo daga ƙauyen Iwik, bayan sun karɓi takardar shiga. Watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa da kallon tsuntsaye.

Barazana ba ta ƙare ba. Manyan jiragen kamun kifi na aiki a wajen iyakar gandun, suna rage kifin da ke shigowa. A Kap Bulan, kusa da Nuwadibu, wata annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na dabbar teku mai shayarwa da Faransawa ke kira phoque moine a 1997. Garken ya ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo.