Filas da rana tsaka

Makon da wani dattijo ya miƙa wa ɗan ƙaninsa makullin shagon hotonsa a Fagge, wani yaron shago ya tambaye shi: Baba, wai me ya sa masu hoto na da suke kunna filas da rana tsaka, alhali ga haske ko'ina? Tambayar ta sosa masa rai. A ganinsa, duk wanda ya rataya kyamara a Kano bai san amsar nan ba, to da sauransa a sana'a.

Ranar Sallah ce kasuwarsu. Kafin a sauko daga Idi, a ci abinci, mata su gama kwalliya, iyali su hallara a ƙofar gida, rana ta take. Hasken daga tsakar ka yake saukowa: goshi ya yi ƙyalli, idanu su faɗa rami, rawani ko goggoro ya jefa inuwa har kan hanci. Ga farar shadda da ta sha bugu. In aka auna haske don shadda, fuska ta yi duhu; in aka auna don fuska, aikin wuyan da maigida ya kashe wa kuɗi ya ɓace. Kayan aikin ma ba don fatarmu aka tsara su ba, domin Kodak ta daɗe tana daidaita launin wanki da hoton farar mace, katin da ake kira Shirley, sai a shekarun 1990 ta fitar da mai ɗauke da baƙar fata. Filas ce ke cike inuwar nan har fuska ta kamo shadda.

Wahalar tana cikin lissafi. Kyamarar Pentax K1000 da dattijon ya daɗe yana aiki da ita, wadda ta fito a 1976, ba ta yarda da filas in saurin ɗauka ya wuce 1/60. Da an zarce, wani ɓangaren hoton ba ya samun hasken. Da fim mai lamba 100 a rana mai ƙarfi, dole a tsuke idon kyamara zuwa f/22, kuma a nan ko filas ƙirar Vivitar 283, wadda kowa ke tutiya da ita, cikakken ƙarfinta bai kai mita 2 ba. Cike inuwa ba ya buƙatar cikakken ƙarfi, shi ya sa ake iya ja baya zuwa mita 3 ko makamancin haka. Ba da awo ake aunawa ba, da taku ne.

Takun nan a wurin maigidansa ya koya, tun yana ɗan riƙon jaka. Mutumin Yashica Mat yake ɗauka, mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, hoto 12 kacal a fim guda. Ita tana tafiya da filas har 1/500, don haka ido ya buɗe zuwa f/8, haske ya kai fiye da mita 4, gida mai mutum ashirin ya shiga tsaf. Yakan juya iyalin su ba rana baya don kada su runtse ido, ya zaunar da dattawa a kujera, yara a tabarma, ya kai ƙafarsa gaban uban iyalin, sannan ya ja da baya yana ƙirga taku a fili. In yaro ya motsa layi, sai a sake ƙirga. Bai taɓa danna hoto biyu inda ɗaya ya isa ba.

Gilasan da ake ɗaurawa a bakin kyamara kuwa, nan ne dattijon ke gane gwani. Mai rage haske yana ba da damar buɗe ido bango ya dushe, amma yadda ya rage rana haka yake rage filas, bai ƙara mata ko taku ɗaya ba. Da yawa sun yi asarar fim kafin su gane. Mai kashe ƙyalli yana ƙara wa sama shuɗi, ya kwantar da sheƙin gumi, sai dai yana cin kusan kashi biyu cikin uku na hasken, kuma in aka murɗa shi da yawa shadda ta koma kamar akoko. Da hunturu, gilashi fari ne kullum a baki saboda ƙura.

Kuma ba a ganin sakamako sai an dawo daga wanki, bayan baƙi sun koma Kaduna da Zinder. Hoton da ya lalace sai wata Sallar.

Dattijon ba ya ƙin kayan zamani. Ya yarda fitilun Godox da ke bin kyamara har 1/8000 sun warware abin da ya sha musu kai shekara da shekaru. Abin da ke ƙona masa rai shi ne, ga fitilar a jaka, amma yaro ya ɗauki iyali da fuska a duhu, ya zauna gaban kwamfuta ya ɗashe ta har kaka ta daina kama da jikokinta. Masu hoton suna cewa abin da jama'a ke so ke nan. Shi kuwa ya ce a zamaninsa babu wanda ya taɓa dawo masa da hoto don ya fito da launin da Allah Ya yi shi, sai dai don ba a ga idonsa ba.