Yadda Aikin Lalube Ya Koma Hannun Ɗalibi

A shekarar 1964 ne Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya fara lalubo maƙalu da kwamfuta, ta tsarin da aka kira MEDLARS. Likitan da ke son sanin abin da aka rubuta a kan wata cuta ba ya kusantar na'urar. Takarda yake cikewa, wani ƙwararre ya mayar da tambayarsa kalmomin da na'ura ke ganewa, shi kuma ya zauna jiran amsa ta gidan waya, wani lokaci har makonni. Tsarin MEDLINE na lalube ta layi ya zo a 1971, kamfanin Lockheed ya buɗe nasa tsarin, Dialog, ga masu biya a 1972, jira ya ragu zuwa mintuna, amma lalube bai bar hannun ma'aikatan laburare ba. Dalilin kuwa kuɗi ne, domin gwargwadon daɗewarka a kan layi, gwargwadon abin da za ka biya. Saboda haka ma'aikaciyar laburare takan zaunar da mai bincike, ta yi ta yi masa tambaya har sai ya faɗi ainihin abin da yake so, ta buɗe kundin kalmomin da rumbun bayanan ya amince da su, ta tsara neman a takarda da mahaɗan nan uku, "da", "ko", "ban da", sannan ta haɗa waya.

Wannan zaman shi ne darasin, ko da yake ba a kira shi haka ba. Da faifan CD ya shigo a tsakiyar shekarun 1980, aka buɗe PubMed kyauta a 1997, Google Scholar ya biyo baya a 2004, sai mai bincike ya koma nema da kansa. An samu sauri, amma an rasa mai tambayarsa me yake nema. Koyar da dabarun neman bayanai a jami'o'i ƙoƙari ne na cike wannan gurbi. Wani mai suna Paul Zurkowski ya hango buƙatar tun 1974, Ƙungiyar Laburarorin Amurka ta fitar da rahoto a kai a 1989, reshenta na jami'o'i kuma ya kafa mizani a 2000.

Wani zai ce na'ura ta yi sauƙi yanzu, ɗalibi ba ya buƙatar malami kafin ya rubuta kalma biyu a akwatin nema. Gaskiya ne za ta ba shi amsa, sai dai ba za ta gaya masa abin da ta tsallake ba. Ɗalibin aikin gona da ke bincike a kan gero, idan da sunan Turanci kaɗai ya nema, zai iya wuce maƙalun da suka kira shukar Pennisetum glaucum, da tsofaffin da suka ce Pennisetum typhoides, balle aikin masanan Nijar da aka rubuta da Faransanci. Allo zai cika masa da sakamako, ya ɗauka ya gama. A da, ma'aikaciyar nan ce ke tare wannan kuskure kafin ya auku.

Akwai kuma masu cewa matsalar jami'o'inmu rashin mujallu ce, ba rashin iya nema ba. Maganarsu na da nauyi, kuma duk wanda ya san tsadar mujallu da halin wutar lantarki ba zai raina ta ba. To amma tun 2002 shirin HINARI na Hukumar Lafiya ta Duniya, da AGORA na Hukumar Abinci da Noma a 2003, suka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ɗimbin mujallu kyauta ko a kan ɗan kuɗi kaɗan, kuma ɗalibin da bai san da su ba, bai iya lalube cikinsu ba, daidai yake da wanda ba a buɗe wa ba. Jami'o'in Najeriya na koyar da amfani da laburare, amma galibi a shekarar farko, cikin kwasa-kwasan gama-gari, lokacin da ɗalibi bai da tambayar kansa. Ya kamata a maimaita masa a shekarar ƙarshe, da batun bincikensa a hannu, ma'aikacin laburare na zaune kusa da shi.