Home da Pro: wane ne ƙwararren da ake nufi?

Kalmar Pro tana da daɗin ji. An gutsuro ta ne daga Professional, wato ƙwararre, kuma babu mai son a ce kwamfutarsa ta 'yan koyo ce. Shi ya sa in aka jera kwamfutoci biyu iri ɗaya, wannan da Windows 11 Home, waccan da Windows 11 Pro, hannun mai saye yakan miƙa wajen ta biyun tun bai tambayi bambancinsu ba. To amma wane ƙwararre kamfanin Microsoft yake nufi? Likita, ko lauya, ko mai zanen gini?

Ko ɗaya daga cikinsu. Sai an koma baya kaɗan za a gane. A shekarun 1990 Microsoft manhajoji biyu yake ƙerawa waɗanda gininsu ya sha bamban. Akwai Windows 95 da 98 na amfanin gida, masu saukin kai amma masu yawan sandarewa. Akwai kuma Windows NT na ma'aikatu, wadda ake kiran ta kan teburin ma'aikaci Workstation. A shekarar 2000 aka sauya wannan suna, aka fitar da Windows 2000 Professional. A lokacin sunan yana da gaskiyarsa, don kuwa abin da ke ciki daban ne. A watan Oktoba na 2001 Windows XP ta fito, ta haɗe layukan biyu a kan ginin NT, aka raba ta Home Edition da Professional. Tun daga ranar bambancin ya tashi daga gini ya koma lasisi. Gida ɗaya ne, sai dai mai Home an kulle masa wasu ɗakuna, mai Pro kuma an damƙa masa makullansu. Wanda ya sayi ƙarin lasisi a yau, dala 99 a farashin Amurka, lamba kawai zai shigar, kwamfutar ta mutu ta tashi, sai ya ga ta zama Pro, fayilolinsa suna nan inda ya bar su.

Tsakanin wancan lokaci da yanzu kamfanin ya yi ta wasa da sunaye. Vista ta zo da Starter, Home Basic, Home Premium, Business, Enterprise da Ultimate, har masu shaguna kansu suka rasa yadda za su yi wa mutane bayani. Starter ɗin nan ma abin a tsaya a kai ne: tun zamanin XP, a 2004, aka yi ta don ƙasashe masu tasowa, kuma ba ta yarda a buɗe manhaja fiye da uku a lokaci guda. An kira ta ta masu farawa, alhali ta masu ƙaramin ƙarfi ce. A 2012 Windows 8 ta yar da kalmar Home gaba ɗaya, ta taƙaita Professional zuwa Pro. A 2015 Windows 10 ta dawo da Home, kuma a haka ake har Windows 11 ta 2021.

In aka leƙa ɗakunan da aka kulle, nan take za a gane mai su. Pro tana iya shiga rajistar kwamfutocin ma'aikata, inda mutum ɗaya daga ofishinsa yake ba da izinin shiga ko ya hana. Tana da Group Policy, allon kafa dokoki: kada a sa filasha, kada a saukar da manhaja, a sauya kalmar sirri duk bayan kwana kaza. Tana yarda a shigo cikinta daga nesa ta Remote Desktop, ita kuwa Home tana iya leƙa wata amma ba a leƙo ta. Tana da Hyper-V na tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta. Tana ɗaukar ram har terabait 2, Home kuwa gigabait 128 ce iyakarta, adadin da laftof ɗin yawancinmu ba ta kai ko kwatansa ba. Duk waɗannan kayan aikin mutum ɗaya ne, jami'in da aka ɗauka ya kula da kwamfutocin banki ko jami'a. Shi ne ƙwararren. A ganina da an kira su "mai zaman kanta" da "mai bin umarnin ofis" da an fi faɗin gaskiya, sai dai wa zai biya ƙarin kuɗi a kan suna irin wannan?

Sauri kuwa ɗaya ne. Word da Excel da CorelDraw ba su san a wacce suke gudu ba.

Abu ɗaya ne nake ganin ya shafi mutum ko da shi kaɗai yake aiki, shi ne BitLocker, mai rufe duk abin da ke cikin kwamfuta yadda ɓarawo ko ya ciro ma'ajiyar ba zai karanta komai ba. Ɗan jarida ko akanta mai yawo da sirrin mutane yana da hujjar nemansa, musamman da yake yana kulle har filasha. Amma ko nan Home ba a bar ta tsirara ba, tana da nata sauƙaƙƙen kullen a kwamfutocin zamani. Kuma kullen nan wuƙa ce da ke iya yankan mai ita: akwai lambar ceto mai alƙaluma 48, wanda ya ɓatar da ita ranar da aka tambaye shi, ko mai gyara sai dai ya yi masa jaje.

A kasuwanninmu, daga Farm Centre ta Kano zuwa Computer Village ta Ikeja, sunan ya sami wata rayuwa. Yawancin laftof na hannu irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, lasisin Pro yana dashe a jikin allonsu tun daga masana'anta. Sai ka ji mai shago yana cewa, "Alhaji, wannan fa Pro ce, ba irin ta yara ba," ya ɗora wani abu a kan kuɗin. Wata kuma ba ta da lasisin komai, mai gyara ne ya ɗora mata windo, ya zaɓi Pro don duk ɗaya ne a wurinsa. Bayan 'yan kwanaki sai wani rubutu dishi-dishi ya bayyana a kusurwar dama ta ƙasa yana neman a kunna lasisi. Akwai ma wadda tsohon ofishinta bai sallame ta ba, da an yi mata fomatin an haɗa da intanet sai ta nemi a shiga da asusun wani kamfanin da ba ka taɓa jin sunansa ba. Akwai kuma Home Single Language, wadda sunanta bai yi ƙarya ba: harshen da ta zo da shi, da shi za ka zauna.

Don haka mai karatu, kafin ka biya, ka sa a buɗe maka Settings a gabanka, ka duba ko lasisin a kunne yake, sannan ka dubi lambar da ke gaban kalmar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma wannan hukunci bai ware Home ko Pro ba.