Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Tallafin Gwamnati da Raya Karkara a Masarautar Daura

Labarin kafuwar Daura labarin ruwa ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji yadda Bayajidda ya iso garin a zamanin Magajiya Daurama, ya tarar da rijiyar Kusugu da ruwanta, amma ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ke ciki. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan ingancin wannan ruwaya, kuma ba ita ce a gabanmu ba. Abin lura a cikinta shi ne mutanen garin ba su rasa rijiya ba, ruwan da ke cikinta ne ya gagare su. Hujjar wannan maƙala ita ce tallafin da gwamnati ke bayarwa don raya karkara ya ƙware wajen gina abu, bai tanadi yadda za a riƙe shi ba, kuma tushen matsalar yana cikin yadda aka tsara kuɗin, ba a halin mutanen ƙauye ba.

Da wuya a samu wurin gwada wannan magana da ya fi Daura. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan garin, marigayi Muhammadu Buhari, shi ke shugabancin Najeriya. A shekarar 2019 kaɗai an buɗe asibitin sojojin sama a garin, an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, an kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita wajen 284, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba na cikin masu raina waɗannan ayyuka. Makaranta da asibiti alheri ne a duk inda aka kafa su. Sai dai cibiyoyi ne na ƙasa baki ɗaya da aka ajiye a birnin Daura, alhali masarautar ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Mafi yawan mutanenta manoman gero da dawa da wake ne da makiyaya, a jigawa mai rairayi da ƙarancin ruwan sama, daf da iyakar Nijar. Buƙatar manomin Baure ƙarama ce a ido: ruwan sha, kwalbatin da zai hana damina yanke hanyar kasuwa, ɗakin shan magani da ke da ma'aikaci a ciki.

Na taɓa tsayawa a wani ƙauye a hanyar Zango, gaban wata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Tankin yana sama a kan ƙarafunsa, allon aikin yana nan da sunan hukuma da na ɗan kwangila, fentin ya fara kwailewa. Kawunan famfo shida a jere, duk a bushe, awaki na kwance a inuwar tankin. Taku kaɗan daga nan, yara mata ne ke jan guga a tsohuwar rijiya, igiya ta ci bakin rijiyar har ta yi masa zane, jarkoki masu ruwan ɗorawa sun yi layi. Na tambayi wani dattijo me ya samu famfon. Ya ce injin ne ya ƙone tun bara, sun kai ƙara sakatariya, an ce su jira. Na ce ko sun gwada haɗa kuɗi su gyara? Ya dube ni ya ce, "Malam, ai kayan gwamnati ne. In muka taɓa ya ƙara lalacewa, wa zai tsaya mana?" Tsohuwar rijiyar kuwa, duk shekara su ke yashe ta da aikin gayya, ba tare da kowa ya umurce su ba.

Mutane ɗaya ne, ƙauye ɗaya, rijiya biyu. Ɗaya suna yi mata hidima, ɗaya suna jin tsoron taɓa ta. Wanda ya ce lalaci ne bai duba da kyau ba.

Tarihi ya nuna inda igiyar ta tsinke. A zamanin En'e, harajin da dagatai da masu unguwanni ke tarawa, da jangalin shanu, su ke cika baitulmali, daga nan ake gina makaranta da dispensare da rijiyar siminti. Tsarin yana cike da zalunci, kuma da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Daura tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, talakawa sun yi murna bisa gaskiya. Ba na kiran a dawo da shi. Amma soke shi ya zo ne bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya zama uwa da uban baitulmalin kowace hukuma. Daga nan kuɗin raya ƙauye ya koma yana saukowa daga sama, wanda ke kashe shi kuma sama yake kallo idan zai ba da bahasi. Hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 ta yi hanyoyin burji da rijiyoyi da wutar karkara, sannan ta shuɗe. Asusun rarar kuɗin man fetur, wato PTF, da aka kafa a 1994, wanda Buhari ya shugabanta, an rushe shi a 1999. Kowanne ya zo da kuɗin gini, ya tafi bai bar kuɗin gyara ba. Dalilin a fili yake: sabon aiki yana da kwangila da bikin buɗewa da allo mai ɗauke da suna, sauya injin famfo kuwa ba mai yi masa taro.

An gwada wata hanya. Shirin CSDP, wanda ya fara aiki a 2009 da rancen Bankin Duniya, kuma Jihar Katsina ta kasance cikin waɗanda suka ci moriyarsa, ya juya tsarin. Al'umma ce ke zama ta zaɓi abin da take so, ta naɗa kwamiti, ta buɗe asusun banki, ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da kuɗi ko da yashi da dutse da ƙarfin jiki. Hikimar ba sabuwa ba ce ga Bahaushe, wanda tuni ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ɗauki yashi a kansa ya kai wurin gini ba zai kira ginin kayan gwamnati ba.

Akwai suka biyu masu nauyi a kan wannan tsari, kuma bai kamata a kauce musu ba. Na farko, ƙauyen da ya fi talauci shi ne zai fi kasa kawo kasonsa, sai tallafi ya riƙa bin masu hali. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne a sassauta kason ga irin waɗannan wurare, a karɓi aikin hannu a madadin kuɗi. Na biyu ya fi wuya. Kalmar "al'umma" tana iya ɓoye mutum uku ko huɗu masu faɗa a ji, waɗanda za su kai famfo ƙofar gidansu. Mata ne da yara ke ɗibar ruwa, amma maza ke zama a ƙofar gidan mai gari su yanke inda za a haƙa. Makiyayan da ke rugage a gefen gari sau da yawa ba a ma kiran su. Kwamitin da babu mace mai baki a cikinsa, babu Bafulatanin ruga, bai wakilci masu jan guga ba. Duk da haka, kuskuren da aka yi a ƙofar gidan mai gari ana iya ganinsa a yi ƙorafi a gyara. Wanda aka yi a ofis a Abuja, manomin Sandamu bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Yanzu wata dama ta samu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya, kashi 20.6 cikin 100, kai tsaye ba ta hannun jihohi ba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta Jihar Katsina kuma ta fito da shirin raya al'umma a matakin mazaɓu 361 na jihar. Matso da kuɗi kusa da jama'a mataki ne mai kyau, amma shi kaɗai ba ya gyara famfo. Idan sakatariyar ƙaramar hukuma ta gaji ɗabi'ar gina sabo a bar tsoho, an dai sauya hannun da ke riƙe da gugan ne kawai.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin masarautar guda biyar, da kansilolinsu, da majalisar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar wadda hakimanta da dagatanta suka san kowane ƙauye da sunansa: kafin a sake haƙa sabuwar rijiya ko ɗaya, a bi mazaɓa mazaɓa a ƙirga waɗanda suka mutu, a liƙa jerin a bangon sakatariya kowa ya gani. Duk tallafin da za a bayar nan gaba a ware masa kason gyara a asusun da mutanen ƙauyen ke sa hannu, a koya wa matasa biyu a kowace mazaɓa gyaran famfo da na'urar hasken rana, a kuma miƙa wa ƙauyen takarda mai hatimi da ke cewa rijiyar tasu ce, suna da ikon buɗe ta su gyara.